Amana da Tahaƙiƙi a Sassan Ilimin Ƙasa na Jami'o'i

 

  

An nemi in yi magana a kan amana da kyakkyawar mu'amala a sassan jami'a da ake koyar da ilimin ƙasa da duwatsu da ma'adinai, wato jiyoloji da dangoginsa. Maƙasudina kuwa ɗaya ne, kuma zan faɗe shi tun daga farko domin ku auna sauran maganata da shi: amanar da ke riƙe sashe ba kyakkyawan zato kaɗai ba ce, tsari ce da ke sa babba ya saba da a bincike shi ba tare da ya ji an ci mutuncinsa ba, ƙarami kuma ya iya faɗin abin da ya gani ba tare da ya ji tsoron abin da zai biyo baya ba.

Babu fannin ilimi da zai tsayu ba tare da amana ba, sai dai buƙatar fanninmu gare ta ta fi tsanani, kuma dalilin haka yana cikin ɗabi'ar aikin kansa. Masanin lissafi, idan ya yi shakkar abin da ɗan'uwansa ya zo da shi, sai ya ɗauki alƙalami ya bi hujjar layi-layi yana zaune a ɗakinsa. Masanin sinadarai kuwa sai ya shiga ɗakin gwaji ya sake haɗa abin da aka ce an haɗa. Amma mu hujjarmu tana can gefen wani tsauni ko cikin wani kwazazzabo, tafiyar kwana da kwanaki, inda sau da yawa mutum ɗaya ne ya je, daga shi sai gudumarsa da kamfas da ɗan littafinsa. Ku dubi ɗalibi tsaye gaban dutse da tsakar rana: ya ɗora kamfas a kan shimfiɗar dutsen ya auna inda ta dosa da gwargwadon karkatarta, ya ɓantari guntu da guduma, ya jiƙa shi da yawu domin ƙwayoyinsa su bayyana a madubin hannu, ya jefa shi a jaka, ya rubuta lamba a jikinta, sa'an nan ya rubuta lambar a littafinsa tare da wurin da ya tsaya. Daga lokacin da ya juya ya bar wurin nan, babu abin da ya haɗa guntun dutsen da asalinsa sai rubutun hannun yaron da gaskiyarsa. Na'urar da za a sa shi ciki daga baya, komai tsadarta, tana iya faɗin abin da ya ƙunsa da shekarunsa, amma da wuya ta faɗi inda aka ɗauko shi. Hausawa sun ce in kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa?

Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna gaban malaman zaure, domin ita ce ainihin wadda malaman hadisi suka fuskanta tun ƙarnonin farko, da suka ga ilimi ya rataya a kan shaidar mutanen da suka ji abin da saura ba su ji ba. Ba su ce a yarda da kowa don tsawon gemunsa ba, ba su kuma ce a ƙaryata kowa ba. Sai suka kafa sharuɗɗa: isnadi, wato jerin masu riwaya, ya zama a haɗe, mai riwaya ya zama adali a halinsa, mai kiyayewa a haddarsa da rubutunsa, suka riƙa bin shekarun haihuwa da na rasuwa domin su gane ko wanda ya ce ya ji daga wane ya ma riski zamaninsa, suka kuma hukunta cewa bayyana raunin mai riwaya nasiha ce ga al'umma, ba ya cikin giba da aka haramta. Har an ruwaito cewa Aliyu ɗan Madini, malamin Imamu Buhari, da aka tambaye shi game da mahaifinsa, bai ɓoye cewa mai rauni ne a riwaya ba. Kowane samfurin dutse da ke cikin kundin digiri riwaya ce, littafin daji shi ne isnadinta. Sashen da ya kasa tambayar isnadi saboda kunya ko tsoro, to ya buɗe ƙofar da za ta yi wuyar rufewa.

Bari in ba ku labarin irin wannan ƙofa. A Jami'ar Panjab da ke birnin Chandigarh a Indiya an yi wani farfesa, Vishwa Jit Gupta, wanda tun daga shekarun 1960 ya shahara da gano burbushin halittun da a duwatsun Himalaya, har ya wallafa maƙaloli fiye da 400, tare da abokan rubutu fiye da 100 daga ƙasashe daban-daban. Burbushin halitta kuwa, kamar yadda ɗalibanmu suka sani, shi ne abin da muke gane shekarun shimfiɗar dutse da shi, mu kuma gwama ta da takwararta a wata nahiya; saboda haka duk wanda yake son sanin tarihin Himalaya, da yadda tekun da ke wurin a da ta rufe har tsaunuka suka tashi, dole ya bi ta rubuce-rubucen mutumin nan. Hanyarsa mai sauƙi ce: ya aika wa wani ƙwararre a Turai ko Ostareliya ko Amurka burbushi masu kyau, ya ce daga wuri kaza a Himalaya ya samo su, ƙwararren ya siffanta su da iyakar saninsa, su sa sunayensu tare a maƙala. Wuraren kuwa ba a fayyace su sosai ba, da yawansu kuma suna yankunan kan iyaka da ba kasafai ake barin baƙo ya shiga ba.

Wanda ya tona al'amarin shi ne John Talent na Jami'ar Macquarie a birnin Sidni. Shi da abokin aikinsa John Pickett sun je wasu wuraren da aka ambata a Nepal, ba su tarar da burbushin ba, duwatsun ma ba irin waɗanda aka siffanta ba ne. Ya lura cewa wasu ƙananan burbushi masu kama da haƙora, da ake kira konodon, waɗanda Gupta ya ce na Himalaya ne, daidai suke da waɗanda aka daɗe da sani daga wani rafi kusa da birnin Buffalo a Jihar New York. Sa'an nan a wani shagon sayar da duwatsu a Paris ya ga ƙwanson wasu halittun teku masu murɗaɗɗen gida kamar na dodon-koɗi, waɗanda ake kwasowa daga hamadar Maroko ana sayarwa da araha, ya ga launinsu da yadda iskar hamada ta goge su ba su da bambanci da waɗanda aka ce an ciro daga tsaunukan Indiya. An kuma sami hoton burbushi guda an buga shi a maƙaloli daban-daban, kowace ta jingina shi ga wani wuri dabam. Talent ya gabatar da hujjojinsa a wani taron masana a Calgary ta Kanada a 1987, a watan Afrilun 1989 kuma mujallar Nature ta buga bayaninsa, duniya ta ji.

Abin da ya biyo baya ya fi ƙaryar kanta zama darasi gare mu. An dakatar da Gupta a 1991, aka mai da shi bakin aiki a 1992. Wani alƙali mai ritaya, M. S. Gujral, ya shugabanci bincike, a 1994 ya same shi da laifi; duk da haka ya ci gaba da zama farfesa har ya yi ritaya a 2002. A cikin sashen nasa kuwa, wani abokin aikinsa, Arun Ahluwalia, wanda ya fito fili ya gaskata Talent, tsangwama ya samu maimakon godiya. Asarar da ilimi ya yi ba ta tsaya ga maƙalolin mutum ɗaya ba, domin ƙaryar ta cuɗanya da gaskiya a cikin littattafai da taswirori, har ya zama wajibi masana su sake tace abin da aka rubuta a kan Himalaya na tsawon shekaru fiye da ashirin.

Tambayar da ya kamata kowane sashe ya yi wa kansa ita ce: ta yaya abu irin wannan ya daɗe haka alhali akwai mutane a kewaye da shi? Ƙwararrun ƙasashen waje, galibinsu mutanen kirki ne, amma sun sa hannu a kan shaidar abin da ba su gani ba, domin burbushin sun yi kyau, maƙala kuma tana ƙara daraja. Na cikin gida kuwa, ba zai yiwu a ce duk ba wanda ya taɓa jin shubuha ba. Sai dai wanda ƙarin girmansa da digirinsa suke hannun mutum, yakan auna gaskiya da abincin iyalinsa, ya zaɓi shiru. Maƙaryaci ɗaya ana iya samunsa ko'ina, wannan jarrabawa ce da babu al'ummar da ta kuɓuta daga gare ta. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu gina sashen da ƙarya za ta sami mafaka a cikinsa, gaskiya kuwa ta rasa.

Mas'ala ta biyu ita ce ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa a kan aikin da ya yi. A 1948 wata mata mai suna Marie Tharp ta fara aiki tare da masanan Jami'ar Columbia waɗanda suka kafa cibiyar Lamont. A lokacin ba a barin mata su hau jiragen ruwan bincike, saboda haka maza su je teku su auno zurfinta da na'urar amsa-kuwwa, ita kuma ta zauna gaban tebur tana mai da lambobin zane. A 1952, tana jera zane shida da suka ratsa Tekun Atalantika, sai ta ga wani kwari mai zurfi yana maimaituwa a ƙololuwar jerin tsaunukan da ke tsakiyar tekun, ta ce wannan tsaga ce inda ɓawon ƙasa yake rabewa. Abokin aikinta Bruce Heezen ya yi watsi da maganar a matsayin zancen mata, domin tana ƙarfafa ra'ayin gushewar nahiyoyi, wanda galibin masana suke ƙyama a wancan zamani. Bai sallama ba sai da aka ɗora taswirar wuraren girgizar ƙasa a kan tata aka ga sun bi kwarin nan sau da ƙafa. Da aka sanar da duniya a 1956, da sunan Heezen da na wani masani, Maurice Ewing, aka sanar, babu nata. Ba ta hau jirgin bincike ba sai a 1968, taswirar ƙasan tekunan duniya da suka fitar da Heezen a 1977 kuwa har yau ana rataye ta a sassanmu. Zalunci biyu aka yi a nan: an raina magana saboda mai faɗinta, sa'an nan da ta tabbata aka jingina ta ga wani.

Kada mu ɗauka wannan labarin wasu ne a wani zamani. Ba sashe ɗaya nake nufi ba, amma duk wanda ya daɗe a jami'a ya san ɗalibin da ya sha rana ya tara bayanai, ya kwana a ɗakin gwaji, ranar da maƙala ta fito ya ga sunansa a ƙarshe ko bai gan shi ba sam; ya san al'adar nan ta sa ni in sa ka, inda abokai ke musayar sunaye a kan ayyukan da ba su karanta ba domin lokacin ƙarin girma ya matso; ya san ma'aikacin ɗakin gwaji da ke goge ɓantaren dutse har haske ya ratsa shi, wanda ba a ko ambatonsa a shafin godiya. Sa suna a maƙala shaida ce, mai shaida kuwa abin tambaya ne duniya da lahira. Wanda ya karɓi yabon aikin da bai yi ba, ya kamata ya tuna da abokan rubutun Gupta, waɗanda suka wayi gari sunayensu na manne da abin da ba za su iya karewa ba.

Mas'ala ta uku ta fi sauran nauyi a baki, amma ɓoye ta ha'inci ne. Aikin daji yana raba ɗalibi da iyayensa da hukumar makaranta, ya sa shi hannun malami guda wanda mota da abinci da masauki da maki duk suna hannunsa. A 2014 wata masaniya, Kathryn Clancy, da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi wa mutum 666 masu aikin daji a fannonin kimiyya daban-daban, har da namu: kashi 64 cikin ɗari sun ce sun fuskanci maganganu ko halayen batsa, fiye da kashi 20 kuma sun ce an kai ga taɓa jikinsu ba da yardarsu ba, mata kuwa galibi daga na sama da su abin ya zo musu. Jane Willenbring, wadda ta je Antatika tana ɗaliba a ƙarshen 1999, ba ta kai ƙarar malaminta na Jami'ar Boston a kan wulaƙancin da ta ce ya yi mata a can ba sai a 2016, bayan ta zama farfesa mai tabbataccen matsayi. Malamin ya musanta, jami'a ta bincika, ta sallame shi a 2019. Kafin nan, a 2018, hukumar sanya sunayen wurare ta Amurka ta cire sunansa daga wani kogin ƙanƙara a Antatika ta mai da shi Matataua. Ku lura da tsawon shirun nan, shekara 16 da ɗoriya: gwargwadon tsoron ƙarami ke nan idan babu ƙofar da zai buga. A 2017 babbar ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Amurka, AGU, ta sanya cin zarafi da wariya da tsangwama cikin jerin laifuffukan ilimi, sahu ɗaya da ƙirƙirar bayanai da satar rubutu. Ina ganin sun yi daidai, domin sashen da ɗaliba ba za ta iya cewa an cuce ta ba, shi ne dai sashen da ɗalibi ba zai iya cewa lambar nan ba daidai ba ce.

La'alla wani ya ce me ya haɗa mutumin kasuwa da manomi da wannan zance na cikin jami'a. Abin da ya haɗa su shi ne ɗaliban da ake yayewa a Zariya da Jos da Maiduguri da Yamai su ne za su auna ƙasa su ce a haƙa rijiyar burtsatse a nan, su ne za su ce ruwanta ya halatta a sha, su ne za su rubuta wa gwamnati da 'yan kasuwa rahoton abin da ke ƙarƙashin gonakin mutane. A 2010 aka gano cewa duwatsun zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara suna ɗauke da dalma mai yawa, kuma gubarta ta yi ajalin yara aƙalla 400. A irin wannan rana al'umma tana buƙatar masanin da idan ya ce ƙasar tsakar gidan nan guba ce za a yarda, idan ya ce an tsabtace ta za a mai da yara su yi wasa a kai da kwanciyar hankali. Ɗalibin da ya koyi cike lambobin awo a ɗakin kwana saboda ya ga ba wanda ke dubawa, ko ya ga malaminsa yana sa hannu a rahoton wurin da bai taka ba, ba zai zama wannan masani ba.

To, mene ne abin yi? Na farko, kowane sashe ya kasance da ɗakin ajiya, inda duk samfurin da aka gina hukunci a kansa zai zauna da lambarsa da ainihin wurin da aka ɗauko shi, tare da kwafin littafin daji, wanda ba a yage masa shafi, kuskure kuwa a ja masa layi ɗaya a bar shi ana gani. Sharaɗin wannan doka shi ne ta fara hawa kan farfesa kafin ɗalibi, domin idan bincike ya zama al'adar kowa, ya daina zama tuhuma ga kowa.

Na biyu, a yi maganar sunaye tun ranar da aka fara aiki, a rubuta: wa zai yi me, sunan wa zai gabata, bayanan na wane ne idan ɗalibi ya gama ya tafi. Idan malami ya ɗauki ɗalibai aikin kwangila na neman ruwa ko ma'adinai, ya bayyana musu haka, ya biya su ladansu, kada ya kira shi darasi. Wanda aka gayyata ya sa suna kuwa, ya tambayi inda samfur ya fito kafin ya amsa.

Na uku, kada a fita daji sai da rubutaccen tsari: masauki, da kuɗin guzuri, da wanda za a kira idan wani abu ya faru, kada malami guda ya keɓe da ɗalibi guda ko ɗaliba, a sami mace cikin jagorori idan da ɗalibai mata, a kuma sami wani amintacce a wajen sashen, wanda maki da digiri ba sa hannunsa, da za a iya kai masa kuka. Haka nan mutanen da muke shiga ƙasarsu suna da haƙƙi a kanmu: a gaida mai gari, a faɗa masa gaskiyar abin da ake nema, idan an auna ruwan rijiyarsu a dawo a gaya musu abin da aka samu.

Na huɗu, idan ƙara ta zo, a yi tabayyuni da adalci, a kuma yi da sauri. Wanda ake tuhuma yana da haƙƙin a saurare shi, ƙazafi kuwa babban zunubi ne. Amma jan ƙafa da sunan kare mutuncin sashe zalunci ne ga ɓangarorin biyu, kuma mutuncin da aka kare da rufa-rufa, ranar da ya zube ba ya kwasuwa.

Na ƙarshe, kuma gare ku nake, 'yan'uwana manyan malamai: duk waɗannan dokoki takarda ce idan ɗalibai ba su ga misali a jikinmu ba. Ranar da ƙaramin malami ko ɗaliba ta miƙe a taron ƙara wa juna sani ta ce, Allah ya gafarta malam, ina ganin dutsen nan ba abin da aka ce ba ne, duk idanun ɗakin fuskar malam za su duba, kuma abin da suka gani a fuskar nan shi ne ainihin dokar sashen, ko me aka rubuta a kundi. Idan ya ce kawo mu duba tare, ya koyar da abin da laccar shekara ba za ta koyar ba. Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, girmama malami wajibi ne, amma ba ya cikin girmamawa ku rubuta abin da ba ku gani ba, ko ku yi shiru a kan cutar da aka yi muku ko aka yi wa ɗan'uwanku. Ku faɗi gaskiya da ladabi, ku riƙe hujjarku a rubuce, ku nemi wanda zai tsaya tare da ku.

Ina roƙon shugabannin sassa da ke wannan zaure kada zangon karatun nan ya ƙare ba su zauna da malamai da ɗalibai da ma'aikatan ɗakin gwaji sun rubuta waɗannan ƙa'idoji sun sa musu hannu ba. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu cikin masu cika amana, ya tsare mu daga cutar da wanda ke ƙarƙashinmu.